Switch, Steam Deck ko ROG Ally: Tambayoyi da Amsoshi Kan Na'urorin Wasa na Tafi-da-gidanka

Duk farashin da ke cikin wannan shafi na dalar Amurka ne, kuma shi ne wanda kamfanonin suka sa a ranar da na'urar ta fito. Kuɗin kaya yana hawa yana sauka, don haka a ɗauke shi a matsayin ma'aunin kwatance kawai.

A taƙaice, wacce ce ta fi duka?

Wadda take buga wasan da kake so. Na san amsar ba ta gamsar da mai gaggawa, amma a nan ne yawancin masu saye suke yin tuntuɓe: su kwana suna kwatanta ƙarfin furosesa (ƙwaƙwalwar na'urar) da girman fuska, su biya kuɗi, sannan su tarar wasan da ya ja hankalinsu tun farko ba ya hawa kan abin da suka saya.

Idan dole sai na yanke, to ga yadda nake gani. Mai son Mario da Zelda da Pokémon, ko mai saya wa iyali, ya nufi Nintendo. Mai son wasanni da yawa a kuɗi kaɗan ya ɗauki Steam Deck. Wanda rayuwarsa ta wasa ta ta'allaka da Call of Duty ko Valorant ko Game Pass (tsarin Microsoft na biyan kuɗin wata don buga tarin wasanni), na'urar da ke ɗauke da Windows ce tasa, tare da haƙurin da take buƙata.

Su wane ne ke fafatawa a kasuwar yanzu?

Gida uku ne, sai ɗan rakiya ɗaya.

Na farko Nintendo. Switch ta fito a watan Maris na 2017 a kan dala 299, Switch Lite ta biyo baya a 2019 a kan 199, sai mai fuskar OLED (nau'in fuska mai kaifin launi) a 2021 a kan 349. An sayar da fiye da miliyan 150 na wannan zuri'a. Magajiyarta, Switch 2, ta fito ranar 5 ga Yunin 2025 a kan dala 449, kuma cikin kwana huɗu aka sayar da miliyan 3.5.

Na biyu Valve, kamfanin da ya mallaki kantin wasannin kwamfuta na Steam. Steam Deck ɗinsa ta fara isa hannun mutane a Fabrairun 2022, mafi arha a kan dala 399. A Nuwamban 2023 aka fito da mai OLED a kan 549.

Na uku taron kamfanonin kwamfuta ne da suka ga Valve ta yi nasara suka biyo sahu da Windows: ASUS da ROG Ally a 2023 da Ally X a 2024, Lenovo da Legion Go, MSI da Claw. A Oktoban 2025 ASUS ta haɗa kai da Microsoft suka fitar da ROG Xbox Ally a kan dala 599 da babbar yayarta, Xbox Ally X, a kan 999.

Ɗan rakiyar shi ne PlayStation Portal na Sony, wanda za mu zo kansa, domin shi nasa sha'anin daban ne.

Me ya sa kuke nanata maganar wasanni? Ba duk wasa ɗaya ba ne?

Ko kusa. Nintendo ba ta sayar da manyan wasanninta a ko'ina sai a kan na'urorinta. The Legend of Zelda: Breath of the Wild da Tears of the Kingdom, Super Mario Odyssey, Animal Crossing: New Horizons, Super Smash Bros. Ultimate, Splatoon, duk babu su a Steam, babu su a Windows ta halastacciyar hanya. Mario Kart 8 Deluxe shi kaɗai an sayar da kwafinsa fiye da miliyan 60, wato mutane da yawa sun sayi Switch ne saboda wasa guda ɗaya, kuma ba su yi nadama ba. A Switch 2 ma haka aka ci gaba: Mario Kart World da Donkey Kong Bananza ba su da wani gida sai nan.

A ɗaya ɓangaren, kantin Steam yana da wasanni dubun dubata, tun daga na shekarun 1990 har zuwa wanda ya fito jiya. Wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, Sony ta kawo wasu manyan wasanninta kwamfuta: Horizon Zero Dawn a 2020, God of War da Marvel's Spider-Man a 2022. Saboda haka mai Steam Deck yana iya buga God of War yana kwance a gado, mai Switch kuwa ba ya iyawa ko nawa zai biya.

Akwai kuma tsakiya mai faɗi, wato wasannin ƙananan kamfanoni irin su Hades da Stardew Valley da Hollow Knight, waɗanda suke ko'ina kuma suna tafiya lafiya lau a kan kowace na'ura. Idan irin waɗannan ne abincin ruhinka, kada ka wahalar da aljihunka. Har tsohuwar Switch Lite ta ishe ka.

Shawarata ita ce ka rubuta wasanni biyar da ka tabbata za ka buga cikin wata shida masu zuwa, ka duba kowanne a ina yake. Sau da yawa takardar nan kaɗai take yanke hukunci.

Steam Deck tana buga duk abin da ke Steam?

A'a, kuma dalilin yana da muhimmanci. Steam Deck ba ta zo da Windows ba. Tana aiki da SteamOS, wanda aka gina a kan Linux. Yawancin wasannin kwamfuta kuwa don Windows aka rubuta su, sai Valve ta sa wata manhaja mai suna Proton a tsakani, tana karɓar umarnin da wasan yake bai wa Windows tana mayar da shi abin da Linux zai gane. Abin mamaki shi ne yadda wannan dabara take aiki: Elden Ring da Cyberpunk 2077 da The Witcher 3 duk suna tafiya.

Valve tana gwada wasanni tana yi musu tambari iri huɗu. Koren tambari yana nufin an tabbatar komai daidai. Ruwan ɗorawa yana nufin wasan yana tafiya amma da 'yan gyare-gyare, kamar rubutu ya yi ƙanƙanta ko sai ka kira madannin rubutu da kanka. Sai wanda ba ya aiki, da wanda ba a gwada ba tukuna. Kada ka ɗauki tambarin nan kamar hukuncin kotu: akwai masu koren tambari da suke ja da ƙyar a wurare masu cunkoso, akwai kuma waɗanda ba a gwada ba amma suna gudu sumul.

Inda gizo ke saƙar shi ne wasannin gasa ta intanet. Da yawansu suna amfani da manhajar kama masu maguɗi wadda take shiga can cikin zuciyar Windows, kuma masu su sun ƙi buɗe ƙofa ga Linux. Fortnite, Valorant, Destiny 2 da sababbin Call of Duty ba sa hawa SteamOS. Apex Legends yana aiki a da, sai aka rufe shi a ƙarshen 2024. Masu son ƙwallon ƙafa su buɗe kunne: sababbin EA Sports FC ma suna cikin wannan sahu, alhali kuwa akwai su a Switch da kuma na'urorin Windows. Ana iya ɗora wa Steam Deck Windows, amma wanda ya yi haka ya jefar da rabin abin da ya sa na'urar take da daɗi.

To ai masu Windows sun fi ƙarfi, kuma suna buga komai. Me zai hana in ɗauke su kawai?

Ƙarfi kam sun fi. ROG Ally ta farko ta zo da furosesan AMD Z1 Extreme, da fuska mai 1080p da ke sabunta hoto sau 120 a daƙiƙa, alhali fuskar Steam Deck ba ta kai haka kaifi ba, tana kan 1280 da 800. Ally X ta ƙara RAM (wurin da na'ura ke riƙe aikin da take kai) zuwa 24GB, Deck kuwa 16GB ce. Kuma gaskiya ne duk kantin da kake so yana buɗewa: Steam, Epic, GOG, Battle.net, Game Pass.

Matsalar ita ce Windows an gina shi ne don mai zaune gaban tebur da linzami da madannai. A fuska mai inci 7, kana fama da ƙananan akwatuna da ɗan yatsa, sabuntawa tana tsayar da kai daidai lokacin da ka sami minti ashirin na hutu, wani wasa ya buɗe a bayan wani. Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne barci da farkawa. A Switch da Steam Deck, kana tsakiyar faɗa ka danna maɓalli ɗaya ka jefa a jaka, gobe ka danna ka ci gaba daga inda ka tsaya. A Windows wannan ba abin dogaro ba ne. Wani lokaci ka buɗe jaka ka tarar na'urar ta yi zafi batir ya ƙare. Ga abin da ake yawo da shi, wannan ba ƙaramin aibi ba ne.

Kamfanonin ma sun san da haka. Shi ya sa Microsoft ta yi wa Xbox Ally wata fuska ta musamman da ke buɗewa kai tsaye cikin jerin wasanni tana rage ayyukan da Windows ke yi a ɓoye. Lenovo kuwa a 2025 ta fitar da Legion Go S iri biyu, ɗaya da Windows ɗaya da SteamOS, wadda ita ce na'ura ta farko daga wani kamfani da ta zo da tsarin Valve a hukumance.

A kula kuma: sunan Xbox da ke jikin ROG Xbox Ally bai mayar da ita akwatin Xbox ba. Kwamfuta ce. Wasan da ka saya a Xbox zai sauka a kanta ne kawai idan yana da kwafin kwamfuta a ƙarƙashin tsarin Play Anywhere. Sauran sai dai a riƙa turo maka hotonsu ta intanet kana bugawa.

Batir fa? Wacce ce ta fi jimawa?

Kada ka yarda da lamba ɗaya, domin wasan da kake bugawa shi ke yanke hukunci. Su kansu kamfanonin tazara suke bayarwa: Switch da aka sabunta a 2019 da mai OLED awa 4.5 zuwa 9, Switch Lite 3 zuwa 7, Switch 2 awa 2 zuwa 6.5, Steam Deck ta farko 2 zuwa 8, mai OLED 3 zuwa 12.

Lissafin mai sauƙi ne. Ana auna batir da awon da ake rubutawa Wh, wato wat nawa zai iya bayarwa na tsawon awa guda. Steam Deck ta farko da ROG Ally ta farko duk 40Wh suke da shi. Idan babban wasa ya sa na'urar tana shan wat 25 gaba ɗayanta, raba 40 da 25, ka ga awa ɗaya da rabi da 'yan mintuna. Idan ƙaramin wasa ne mai shan wat 7, ka doshi awa shida. Wannan ne ya sa ƙarfin Ally ta farko ya zama na kusa da soket: sai ka sake mata wuta take nuna bajintarta, da ka sake kuma batir ya zube. ASUS ta gyara a Ally X ta hanyar da ta fi kowacce sauƙi, ta ninka batirin zuwa 80Wh. Valve ta kai nata 50Wh a mai OLED, ta kuma sa furosesan da ya fi tattalin wuta.

A Steam Deck da masu Windows kana iya taƙaita wutar da kanka, ko ka tsayar da wasa a hoto 30 ko 40 a daƙiƙa, batir ya ƙara daɗewa sosai. A Switch babu wannan zaɓi. Yadda masu wasan suka tsara, haka za ka karɓa.

Idan aka haɗa kuɗin na'ura da na wasanni, wacce ta fi sauƙi?

A nan ne lissafi yake juyewa. Nintendo tana da arha a bakin ƙofa, tsada a cikin ɗaki. Manyan wasanninta na Switch dala 60 ne, Tears of the Kingdom ya zo a 70, Mario Kart World kuma a 80. Ga shi ba ta cika karya farashi ba: wasan da ya shekara biyar yana iya zama a kuɗinsa na ranar farko, in an yi rangwame ma da wuya ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Buga yawancin wasanni da mutane ta intanet sai ka biya Nintendo Switch Online, dala 20 a shekara, ko 50 idan kana son ƙarin tsofaffin wasanni irin na Nintendo 64. Ajiye ci gaban wasanka a sabar kamfanin, wato kwamfutocinsa da ke intanet, ma yana cikin wannan biyan.

Steam kuwa ba ya karɓar kuɗin shiga intanet, ajiyar ci gaba kyauta ce, kuma ana yin babban rangwame sau da yawa a shekara, musamman na bazara da na ƙarshen shekara, inda wasan da ya kwana biyu yake faɗuwa da kashi 50 ko 75 cikin ɗari. Akwai kuma damar mayar da wasa a karɓi kuɗi idan bai wuce kwana 14 da saye ba kuma ba ka buga shi ya kai awa biyu ba. Wannan dama tana da amfani ƙwarai ga mai Steam Deck, domin awa biyu sun isa ka gane ko wasan yana tafiya a na'urarka. Wanda kuma ya riga ya tara wasanni a Steam tun yana amfani da kwamfuta, ranar da ya kunna Deck zai tarar da su suna jiransa ba tare da ya ƙara sisi ba.

Sai dai Nintendo tana da nata makamin: katin wasa na zahiri. Za ka iya sayar da shi bayan ka gama, ko ka ara wa aboki, kuma saboda farashin sabo ba ya faɗuwa, na hannu ma yana riƙe darajarsa. Wasan Steam ba ya sayuwa. Ya manne da asusunka har abada.

To wa ya ci? Mai buga wasa uku ko huɗu a shekara yana maimaita su, Switch ba za ta cuce shi ba. Mai haɗiye wasa ashirin a shekara, Steam Deck za ta mayar masa da bambancin kuɗinta tun kafin shekara ta zagayo.

Kada a manta da ma'aji. Switch 2 tana da 256GB amma ba ta ɗaukar wasa a kan tsohon katin microSD, sai sabon nau'in microSD Express, wanda ya fi tsada. Manyan wasannin kwamfuta kuma wasu sun haura 100GB, don haka 256GB a Deck ba ta da yawa kamar yadda take a ido.

Na ji ana ƙorafi kan katin wasan Switch 2. Mene ne matsalar?

Wasu katunan, waɗanda ake kira Game-Key Card, babu wasan a cikinsu. Mabuɗi ne kawai. Ka sa katin, ka sauke wasan gaba ɗaya daga intanet, daga nan kuma dole katin ya kasance a ciki duk lokacin da za ka buga. Ana iya sayar da shi ko ara shi, wannan kam bai canja ba. Amma ya cinye maka ma'aji, kuma amfaninsa ya dogara da sabar kamfanin ta ci gaba da aiki. Masu damuwa da wannan suna da hujja: a Maris na 2023 Nintendo ta rufe sayayya a kantin 3DS da Wii U. Ana rubuta alamar a gaban kwalin, don haka a duba kafin a biya.

Ina da Switch ta farko. In sauya zuwa Switch 2?

Idan akwai wasan Switch 2 da ya hana ka barci, e. Idan babu, zauna tukuna.

Abin da za ka samu: fuska mai inci 7.9 da 1080p, ƙarfin da ya isa ɗaukar wasa kamar Cyberpunk 2077, hoton 4K a talabijin ga wasannin da suka iya, hannuwan Joy-Con masu mannewa da maganaɗisu waɗanda kuma ake iya jan su a kan tebur kamar linzamin kwamfuta, da hira da abokai ta GameChat. Yawancin wasanninka na da za su hau, wasu ma su fi gudu. Abin da za ka rasa: batir ya fi gajarta, kuma idan mai OLED ce a hannunka, za ka koma fuskar LCD.

Fuskar OLED ta cancanci ƙarin kuɗin?

Ga mai buga wasa a hannu kullum, ta cancanta. Baƙi yana fitowa baƙi ƙirin, launi yana da rai. Ga wanda Switch ɗinsa take zaune a mazauninta jikin talabijin, ɓarnar kuɗi ce, domin ƙarfin ciki iri ɗaya ne. A Steam Deck kuwa canjin ya wuce fuska: batir ya fi girma, fanka ta fi shiru, nauyi ya ragu.

Suna shiga aljihu?

Switch Lite kaɗai ke kusa, da nauyin giram 275. Switch mai OLED giram 420 ce, Steam Deck mai OLED 640, Legion Go ta farko kuwa 854 da fuskarta mai inci 8.8. Wanda zai riƙe na'ura sama da fuskarsa yana kwance ya yi tunani a kan waɗannan lambobi. Amma nauyi ba shi ne komai ba: Steam Deck tana da ƙugu mai cika tafin hannu, shi ya sa masu manyan hannuwa da yawa suka fi jin daɗin riƙe ta a kan Switch mai sirara.

PlayStation Portal a kan dala 199 kawai ta fito. Ba ita ce mafi arha ba?

Arha ce ga wanda ya riga ya mallaki PS5 ko yake biyan babban matakin PlayStation Plus. Portal ba ta sarrafa wasa a cikinta. Hoton yana zuwa ne ta Wi-Fi, ko daga PS5 ɗinka ko daga sabar Sony, ita kuma ta mayar da abin da ka danna. Sony ta ce mafi ƙarancin gudun intanet 5Mbps, ta kuma ba da shawarar 15. In intanet ya yi tangal-tangal hoto ya dagule, in ya ɗauke ba ka da komai a hannu sai fuska mai inci 8. Ba ta kuma haɗuwa da abin sauraro na Bluetooth na yau da kullum. Amfaninta na gaskiya shi ne a gidan da ake rigimar talabijin.

Zan iya wasa ba tare da intanet ba?

A Switch da katin wasa na ainihi, sa ka buga. Wasannin da ka sauke ma suna aiki a kan na'urar da aka ɗora su. Steam Deck tana da yanayin aiki ba intanet, amma ka buɗe kowane wasa sau ɗaya kana haɗe kafin ka yi tafiya, domin wasu suna neman tantancewa a karon farko, wasu kuma suna da manhajar kamfaninsu da ke son shiga asusu. Masu Windows su ne suka fi yawan irin wannan tarko, tun da kowane kanti da nasa sharaɗin.

Yaro zan saya wa. Wacce?

Switch, ba tare da dogon tunani ba. Wasannin da suka dace da yara sun fi yawa a can, kuma akwai manhajar iyaye a waya da za ka ƙayyade awannin wasa, ka ga abin da aka buga, ka hana saye. Har katunan wasan an shafa musu wani sinadari mai ɗaci don kada ƙaramin yaro ya haɗiye. Idan yara biyu ne ko fiye, guji Lite: ba ta haɗuwa da talabijin, hannuwanta ba sa cirewa. Babbar Switch kuwa kana zare Joy-Con biyu ka miƙa wa kowa ɗaya, rigima ta ƙare.

Na'urar Windows kwamfuta ce cikakkiya mai burauza da komai, ba abin da za a miƙa wa ɗan shekara takwas a juya baya ba ne.

A tarihi, na'urar da ta fi ƙarfi ce take cin kasuwa?

Kusan kullum akasin haka ake gani. Game Boy ta fito a 1989 da fuska marar launi, kore-kore, a kan dala 89. A shekarar Atari ta fitar da Lynx mai launi, Sega kuma ta biyo da Game Gear a 1990, ita ma mai launi da haske. A takarda sun yi wa Game Boy fintinkau. Amma Game Gear tana cinye batir shida cikin awa uku zuwa biyar, Game Boy kuwa da guda huɗu take kwanaki ana bugawa, ga arha, ga Tetris, daga baya ga Pokémon. Ita da Game Boy Color sun haura miliyan 118. Injiniyan da ya jagoranci ƙirarta, Gunpei Yokoi, da gangan ya zaɓi tsohuwar fasaha mai arha.

An maimaita a 2004. PSP ta Sony ta fi Nintendo DS ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ta yi kasuwa sosai, wajen miliyan 80, amma DS ta kai miliyan 154. Zagaye na gaba ya fi zafi: PS Vita ta zo da fuskar OLED tun 2011, sai dai katin ajiyarta na musamman ne mai tsada, manyan wasanni kuma suka yi ta raguwa, har aka daina ƙera ta a 2019. Ita ma 3DS ta fara da tuntuɓe, sai da Nintendo ta sare farashinta daga dala 249 zuwa 169 cikin 'yan watanni kafin ta miƙe.

Steam Deck ma a yau ba ita ce mafi ƙarfi cikin kwamfutocin hannu ba, amma ita ce wadda masu yin wasanni suke gwada aikinsu a kanta kafin su fitar, domin na'ura ɗaya ce sananniya da mutane da yawa suke riƙe da ita.

Wace matsala aka fi sanin kowacce da ita, kuma ana gyarawa?

Switch ta yi ƙaurin suna da lalacewar 'yar sandar Joy-Con, inda ɗan wasanka zai riƙa tafiya shi kaɗai ba ka taɓa komai ba. Ƙorafin ya yi yawa har Nintendo ta koma gyarawa kyauta a wasu ƙasashe. Sauƙin abin shi ne ana sayen wani Joy-Con a maƙala. A Lite kuwa sai an buɗe na'urar. ROG Ally ta farko ta sha suka saboda ramin katin microSD yana kusa da inda zafi ke fita, har ya riƙa lalacewa, aka sauya masa wuri a Ally X. Legion Go ta yi amfani da sanduna masu aiki da maganaɗisu, waɗanda ba su da gogayyar da ke cinye na gargajiya.

Wajen gyara, Valve ce a gaba. Tana sayar da kayan gyara ta hannun kamfanin iFixit, tun daga sanduna da fanka har fuska da batir, kuma ma'ajin ciki nau'in M.2 2230 ne da mai ɗan sanin aiki zai iya sauyawa da babba.

Waɗannan ƙananan na'urori masu arha da ake cewa suna da dubban wasanni fa?

Irin na Anbernic da Miyoo da Retroid, aikinsu kwaikwayon tsofaffin na'urori ne, kuma wasunsu suna yinsa da kyau. Amma dubban wasannin da 'yan kasuwa suke lodawa a katin, kwafi ne marasa lasisi, cike da maimaici, kuma katin kansa yawanci marar inganci ne. Ba kishiyoyin Switch ko Deck ba ne. Ba za su buga sabon wasa ba. Wanda yake da tsofaffin katunan Game Boy na ainihi ya duba Analogue Pocket, wadda take karɓarsu kai tsaye.

Wayata ba ta isa ba?

Ga PUBG Mobile da Call of Duty: Mobile da Genshin Impact, ta isa har ta yi yawa, musamman in ka maƙala mata hannun wasa. Abin da ba za ta ba ka ba shi ne manyan wasannin Nintendo da tarin na Steam, da kuma batirin da in ya ƙare ba ka rasa kiran kowa ba.

Zan sayi wadda aka taɓa amfani da ita. Me zan duba?

Fara da sandunan: kowace na'ura tana da wurin gwaji a cikin saiti, ka saki sandar ka ga ko ɗigon yana komawa tsakiya ya tsaya cak. Danna kowane maɓalli, har na kafaɗa da na baya. Buɗe babban wasa na minti goma sha biyar ka ga yadda batir ke sauka da yadda fanka ke kuka, ka kuma duba ko bayan na'urar ya kumbura. Gwada ramin caji ta fuska biyu, ka sa katin microSD ka tabbata tana karantawa, musamman a ROG Ally ta farko.

A Switch akwai gwaji ɗaya da ya fi duk waɗannan: haɗa ta da intanet ka shiga kantin eShop a gaban mai sayarwa. Nintendo tana toshe na'urar da aka yi wa kutse, kuma toshewar tana bin na'urar ne, ba asusun ba, don haka ko ka goge komai ka buɗe sabon asusu ba za ta koma intanet ba. Kada kuma ka ƙara kuɗi saboda wasannin da aka sauke a ciki; suna kan asusun mai sayarwa, ranar da ya cire shi za su tafi tare da shi. A tsohuwar Switch, lambar da ke ƙasan na'urar tana nuna zubin: wadda ta fara da XK ita ce ta 2019 mai batirin da ya fi jimawa, wadda ta fara da XA kuwa ta farko ce.